Maijegon da Ta Ƙi Ƙiba

Innata ba ta da shanu, ba ta da gona mai faɗi, ba ta taɓa hawa jirgi ba. Abin da take da shi a unguwarmu ta Matankari suna ne, kuma a wankan jego ta yi shi. In mace ta haihu aka kawo ta hannun Inna, to kafin a mayar da ita sai an kai rigunanta wurin tela a buɗe su. Ta sha karɓar yarinya kamar sillen kara ta mayar da ita gidan miji tana tafiya ƙasa na amsawa. Dangin miji su fito su rangaɗa guɗa, su ce, "Wannan hannun wance ne, ba sai an tambaya ba." Inna ta kau da kai wai ba ta ji ba, alhali ko kalma ɗaya ba ta wuce ta ba.

Ita kanta ita ce tallar sana'arta. Mace ce mai jiki, fuska a cike, murya ƙasa-ƙasa irin ta wanda aka tasa daga barci. Ba ta sauri ko gobara ake yi. Kuma ba ta rabo da wuta. Ko a watan da kwalta ke narkewa a Dogon Dutsi, za ka same ta gefen murhu da mayafi a kafaɗa. Mu ƴaƴanta mun ɗauka halinta ne kawai, kamar yadda wata ba ta rabo da goro.

Ni ce autarta. Na yi lakwal, wato makarantar boko, na zama malama a Dogon Dutsi, na auri wani bawan Allah ma'aikacin ofishin noma, mutum mai haƙuri har haƙurin ya yi yawa. Da na haifi ɗana na fari, bayan suna aka kwashe ni da jariri da kwanuka zuwa Matankari wankan gida. Inna ta yi wa ƴaƴan mutane, yau ga tata ta cikinta. Tun a bakin ƙofa ta kama damtsena ta matsa kamar mai taya akuya a kasuwa, ta ce, "Auta, ke da ke za a dinga kwatance." Gaskiya ta faɗa, sai dai ba irin kwatancen da take nufi aka yi ba.

Wanda bai san jego ba, bari in ba shi labari don ya gode wa Allah. Da sassafe ana dafa ruwa a babbar tukunya har ya dinga tsalle. A tsoma ganye a ciki a yi ta fyaɗa miki a jiki, kina ihu ana ce miki ki yi shiru maƙwabta na ji. Da la'asar a maimaita. Tsakanin wankan biyu kina kwance kan gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashinsa, ana ɗura miki kunun kanwa, ana tura miki gasasshen nama da yaji da ƙafar sa. Duk wannan azaba don abu ɗaya ake yin ta, kada sanyi ya shige ki. Inna tana maganar sanyi kamar wani ɓarawo da ta san fuskarsa. Takan ce in ya shiga jikin mace bayan haihuwa, to ya shiga ke nan, sai dai su tafi kabari tare.

Makonnin farko lafiya lau. Na ƙone, na zagi kowa a zuci, na ci, na ɗan murmure. Wajen arba'in ne al'amari ya fara juyewa. Wata yunwa ta sauko mini wadda ban taɓa sani ba. In cinye tuwona, in cinye ragowar na yara, in leƙa tukunya in kankare ƙanzo, in tashi cikina na kuka kamar ban ga abinci ba tun jiya. Inna murna har kunne. "Haka nake so," in ji ta. "Ci, ɗiyata, ci."

To, ina ci, amma ban san inda abincin ke tafiya ba. Zanena ya fara kwancewa da kansa. Ƙasusuwan wuyana suka fito har za ka iya zuba ruwa a ramin ka ba tsuntsu. Wata rana zobena ya sulale ya faɗa cikin kunu, sai da ludayi aka ceto shi. Hannuna ya kama rawa, in na ɗauki kofi rabi a ƙasa rabi a baki. Zuciyata kuwa kamar an ba yaro kalangu, ba dare ba rana. Ga gumi, ga rashin barci, ga wata irin zuciya. Ni dama ba salihar kowa ba ce, amma a lokacin nan sai da na yi faɗa da kaza. Ta kalle ni ne, ni kuma ban ji daɗin kallon ba.

Inna ta duba, ta auna da ido, ta yanke hukunci: sanyi ne ke son shiga, don haka a ƙara wuta. Aka ƙara itace. Aka ƙara yaji. Aka ƙara kanwa har kunu ya koma kalar ƙasa. Ni kuwa abin da nake mafarki a duniya bai wuce a jefa ni cikin rijiya ba. Na koyi sata a gidan ubana. In Inna ta kewaya, in ɗebi ruwan randa in laɓe bayan rumbu in sheƙa a kaina. Ranar da ta kama ni, da ta same ni da kwalbar giya ma da abin ya zo da sauƙi.

"Na shiga uku! Auta, da hannunki kike gayyato shi?"

"Inna, zafi nake ji. Wallahi dahuwa nake."

"Mi kika sani? Haka yake yi. Shina zuwa da rigar zafi don a buɗe mishi ƙofa."

Ka ji fa. Da mai irin wannan hujja ina za ka fara gardama?

Maƙwabta ma ba su bar mu haka ba, kowa da karatunsa. Idanuna sun fara fitowa, ina kallon mutum kamar ya ci mini bashi, don haka wata tsohuwa ta ce doguwa ce ta raɓe ni, a nemo masu abin. Wata ta ce tunanin miji ne. Inna ta sallame su duka. A ganinta duk wanda ya kawo wani dalili, hannunta yake zargi da kasawa. Ta ce ita da ta ƙibantar da ƴaƴan da aka kawo mata kamar tsintsiya, ba ta cikinta ce za ta gagare ta ba.

Arba'in ta zo ta wuce, ba a mayar da ni ba. Inna ta aika wa maigidana cewa haihuwar fari ce, a ƙara mata lokaci. Da yake babban hutun lakwal ya kama, shi kuma ba ya iya musu da suruka, ya ce to. In ya zo kan babur ganinmu, sai Inna ta sa ni can ƙuryar ɗaki inda ba haske, ta lulluɓe ni, ta miƙa masa yaro a tsakar gida. Shi kuma kunyar surukai ta hana shi ya ce a fito da matarsa ya gani. Mukan gaisa ta bayan labule kamar masu zance. Ya ce, "Ya jiki?" In ce, "Da sauƙi." Ƙarya nake, kuma tsoro nake ji sosai, amma na fi jin tsoron fuskar Inna in na tona mata asiri.

Mutum ɗaya ce ba ta yarda da labulen nan ba, yayar maigidana. Atamfa take sayarwa a kasuwar Dogon Dutsi, kuma in ta kalli mace sau ɗaya ta san yadin da zai ishe ta. Ta fara aiko da saƙo mai zaƙi a sama: "A gaida Inna, a ce muna marmarin ganin aikin hannunta." Inna ta gane karatun sarai. Damina ta ja baya, gero ya nuna, lakwal za ta buɗe, ni kuma dole in koma aji. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Uwar ɗiyar nan kuwa ta rantse ba za ta ji ba.

Ranar tafiya Inna ta tashe ni da wuri ta rufe ƙofa. Na ga ta buɗe akwatinta tana fiddo zannuwa. Ta ɗaura mini ɗaya, ta ɗora wani, ta ƙara wani. Ta naɗe guda kamar gammo ta ɗaure mini a baya, wai mazaunai. Ta sa mini rigar sanyi ta ulu, ta ɗora wata riga, sannan ta kawo babbar shadda mai sitaci wadda in ka ajiye ta ma tsayuwa take da kanta. Wuya ta naɗe shi da gyale. Ta ja baya ta dube ni, ta ga komai ya yi sai kumatu, su kam ba inda za a cusa zane.

"In mun shiga, ki dinga cika bakinki da iska," in ji ta.

"Inna, in aka gaishe ni fa?"

"Ki sunkuyar da kai. Maijego ai kunya gare ta."

Na yi dariya har na yi hawaye, ita kuwa ko murmushi. A nan na gane ba wasa take ba, kuma tausayinta ya kama ni. Duk abin da ta tara a rayuwarta shi ne ta ɗaura mini a ƙugu.

Muka shiga motar haya, irin wadda ake cusa mutane har sai ƙofa ta yi ƙorafi. Zafin ƙarshen damina ne, mai ɗanko, ba iska ko ta magani. Inna na riƙe da yaro, ni ina tsakiya cikin kayana kamar ƙullin alala a tukunya. Wani dattijo da ke gefena ya yi ta matsawa yana gunaguni, ya ce matan yanzu in sun yi ƙiba ya kamata su biya kujera biyu. Na ga Inna ta gyara zama don jin daɗi. Wannan ne yabo na ƙarshe da aikin ya samu.

Mun isa gida mata sun taru. Aka yi guɗa. Na cika baki da iska, na sunkuyar da kai, na taka a hankali. Yayar maigidana ta taho ta rungume ni, na ji hannunta ya tsaya a bayana yana lalube, kamar yadda take taɓa atamfa ta gane ta gaske ce ko jabu. Ni kuwa zuciyata ta riga ta tsere ta bar ni, kunnuwana na ƙara, tsakar gida ta fara juyawa. Abin da na tuna na ƙarshe shi ne iskar bakina ta fita da wani sauti da ba zan rubuta shi ba.

Na farfaɗo a kan tabarma ana yi mini fifita ana kwance ni. Aka cire shadda, aka cire riga, aka cire rigar ulu. Aka ja zane sai ga wani, aka ja wannan sai ga wani. Gammon baya ya gangara ya tsaya a ƙafar wata baƙuwa. Da aka gama, ga tulin kaya a gefe ɗaya, ga ni a gefe ɗaya, kuma tulin ya fi ni auki. Na nemi Inna da ido, na same ta tsaye jikin bango da yaro a hannu, tana kallon ƙasa. Ban taɓa ganin uwata ta ƙanƙance haka ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Maigidana ne, mai haƙurin nan, ya ɗaga murya a karo na farko tun da na san shi. Bai yi wa kowa faɗa ba, cewa kawai ya yi a kawo mota. Aka kai ni likita, wato asibiti, gaban lokotoro.

Lokotoron mace ce, ƴar siririya, abin da ya sa Inna ta raina ta tun daga ƙofa. Ta kama hannuna ta ji bugun jini ta ɗaga gira. Ta ce in miƙe hannuwa, ta ɗora takarda a kai, takarda ta kama rawa kamar ana mata kiɗa. Ta zaga bayana ta dafa wuyana ta ce in haɗiye ruwa. Sannan ta ba ni maganin da zai lallashi zuciya, ta ɗebi jini ta ce sai an kai Yamai. Ta tambayi abin da ake yi mini a gida. Da na lissafa mata ruwan zafi da gadon wuta, ta rufe ido na ɗan lokaci kamar mai addu'a, ta ce a dakata da su duka.

Da sakamako ya dawo muka koma tare da Inna, wadda ta ƙi komawa Matankari, ko don ni ko don bakin mutane, Allah masani. Lokotoro ta yi mana bayani da Hausa, ni kuma daga baya na yi ta karance-karance har na zama abin gudu a ɗakin malamai. Ga abin da na fahimta.

A gaban wuya akwai wata ƴar tsoka da ake kira tiroyid. Aikinta ta fitar da sinadarin da ke gaya wa jiki saurin da zai ƙona abinci, wato ita ce mai iza wutar gidan. Ba ta yin gaban kanta. Can ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata ƴar ƙaramar uwar ɗakinta da ke aiko mata saƙo ta cikin jini. A jikin ƙwayoyin tiroyid akwai wasu ƙananan gurabe da aka ƙera daidai da siffar saƙon nan, in ya zo ya zauna a gurbinsa sai ta iza wuta. In wuta ta isa, uwar ɗaki ta rage aike. Haka kowa ke rayuwa bai ma san ana yi ba.

To, jiki yana da masu gadi, garkuwar da ke yaƙar cuta. Suna ƙera wasu ƙananan makamai da ake kira antikor, kowanne da siffar abin da zai kama. Tun suna ƙanana ake tantance masu gadin nan, duk wanda aka ga yana harar ƴan gida a kawar da shi, waɗanda suka kuɓuce kuma akwai wasu ƴan'uwansu da ke riƙe musu hannu. Nawa dai wasu sun kuɓuce, kuma masu riƙon sun yi sake. Suka ƙera antikor da ya yi daidai da gurbin saƙon nan na tiroyid. Ya je ya zauna a ciki ya danne, ya ƙi tashi. Tiroyid ta ɗauka uwar ɗaki ce ke cewa a ƙara, ta yi ta iza wuta. Uwar ɗakin kuwa ta daina aike gaba ɗaya, a jinina an nemi saƙonta da ƙyar aka ga alamarsa, amma wa ke saurarenta? Har idanuna ma abin ya shafa, don naman da ke bayan ido yana da irin gurbin nan, shi ya sa ya kumbura ya turo su waje. Ashe kazar nan tana da dalilinta na kallona.

Inna ta saurara da fuska a ɗaure. Ta ce, "To mi ya sa sai da ta zo hannuna?"

Lokotoro ta ce ba hannunta ba ne. Ta ce lokacin da mace ke da ciki, masu gadin nan kan sassauta, don abin da ke cikin rabinsa na ubansa ne, in ba su sassauta ba za su ɗauke shi baƙon da bai kamata ba. Bayan haihuwa sai su dawo da ƙarfinsu, a wasu matan har su zarce.

Inna ta ce, "Wato kara suka yi wa baƙo. Da ya tafi suka koma faɗansu na gida."

"Awo, Inna, kusan haka ne."

"Kuma ɗan mijinta suka yi wa kara, ɗiyata suka huce a kanta."

Lokotoro ta danne dariya ta ce ana iya faɗin haka. Na lura tun da muka shigo take satar kallon Inna: mayafi a wannan zafi, fatar hannu a bushe, gira ta zube daga gefe, ga muryar nan. Ta ce irin wannan ciwo yakan bi dangi. Ba ciwon kansa ake gada ba, saurin kuskuren masu gadin ake gada, kuma a jikin kowa da yadda yake fita. Ta nemi Inna ta bari a ɗebi jininta ita ma.

"Ni? Ɗiyar nan, dube ni da kyau. Ni na yi kama da marar lafiya? Ke ce ma ya kamata a kawo mini ke wata biyu."

Da ƙyar ta miƙa hannu, tana cewa a ɗiba kaɗan don ba na banza ba ne. Sakamako ya dawo, barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba. Ita ma masu gadinta tiroyid suka sa a gaba, sai dai nata ba zuga ta suka yi ba, shiga suka yi cikinta suna cinye ta a hankali, shekara da shekaru. Uwar ɗaki na can tana ta aike kan aike, saƙo ya cika jini maƙil, amma mai iza wutar ta kusa ƙarewa. Wutar Inna ta yi ƙasa, tawa ta yi sama. Nauyin jikin nan, da kumburin fuska, da tafiyar ƙasaita, da zaman murhu, rabinsu duk ciwo ne. Aka ba ni ƙwayar da ke rage wa tiroyid aiki, aka ce in ci gaba da ba yaro nono abina. Ita kuma aka ba ta ƙwayar da ke maye gurbin sinadarin da ta rasa, ɗaya kowace safiya har iyakar rai.

Abin da ya biyo baya, in ba a kaina ya faru ba da na ce ƙirƙira ce. Ni na koma aji, rawar hannu ta tsaya, na daina faɗa da dabbobi, na fara cika. Cikin ƴan watanni na yi ƙibar da Inna ta yi ta nema da itacen gari guda, amma a gidan miji na yi ta, kuma yayar maigidana ta bi kasuwa tana cewa tuwonta ne. Inna kuwa a Matankari ta fara saɓewa. Fuska ta faɗa, murya ta washe, ta koma tafiya da sauri har tana wuce ƴanmata a hanyar rijiya. Labarin zannuwa dama ya riga ta isa gida, an ƙara masa gishiri, a wani bakin ma har da katifa aka ce an ciro. Da aka ga ita ma ta ragu, sai aka ce shi ke nan, hannu ya mutu, mai ƙibantar da mutane ta kasa riƙe tata. Aka daina kawo mata ƴaƴa. Wata mata a ƙasan unguwa, wadda a wurin Inna ta koyi ko yadda ake riƙe ganye, ita ta gaje tukunyar.

Da sanyi ya shigo sai labari ya iso mini cewa Inna ta ajiye ƙwaya. Wai ƙawayenta sun ce maganin nasara ne ke tsotse ta, in ta bari jikinta zai dawo, sunanta ma ya dawo. Raina ya ɓaci. Ranar da ba lakwal na goya yaro na hau kabu-kabu tun da safe, ina tsara faɗan da zan yi tun daga kwalta har Matankari.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Safiya ce mai sanyi, ni kaina da rigar ulu na zo. Ita kuwa daga ita sai zane da ƴar riga, ba mayafi, murhu na can nesa ko hayaƙi ba ya yi. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Inna, an ce kin bar magani."

"Na bari," in ji ta. "Na kuma koma. Zauna, kin tsaya mini a ka kamar mai karɓar haraji."

Na zauna. Ta karɓi yaro ta ɗora a cinya. Ta ce ta ajiye ƙwayar har jiki ya fara nauyi, har wata mata ta zo tana taya ta murna tana cewa tata ɗiyar na da ciki, in ta sauka nan za a kawo ta. Ta ce ta ji daɗin maganar nan ƙwarai, ba za ta ɓoye mini ba. Amma tare da nauyin sai abokinsa ya dawo. Wata safiya ta ga kanta ta jawo kujera gefen murhu ta lalubo mayafi, sai ta tashi ta je ta ɗauko ƙwayarta.

Sannan ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya wa ɗayanmu ba. Ta ce shekarar da ta haife ni uwarta ta riga ta rasu, ga shekarar ta zo da wuya, itace ma sai an yi tafiya. Wata gwaggonta ce ta yi mata wanka, ruwa ɗumi-ɗumi, ba a ko kai rabin arba'in ba aka bari. Bayan ƴan watanni ta fara jin sanyi a cikin ƙashi, kuma bai sake fita ba. Daga ni ba ta ƙara samun ciki ba. Ta sa a ranta wankan nan da aka yi mata na ganin dama shi ya buɗe wa sanyi ƙofa, ta yi alkawari duk ɗiyar da ta shigo hannunta ba za ta fita da abin da ita ta fita da shi ba.

"Shi ya sa nake iza muku wuta, Auta. Sunan daga baya ya zo. Ashe ko da an dafa ni kamar kaza, abin na cikin wuyana."

Faɗan da na tsara tun daga kwalta ya bi iska. Na ce, "To sunan fa, Inna? Matar nan ba za ta kawo ɗiyarta ba in ta ga kin koma haka."

"Ta kai ta ƙasan unguwa. Su riƙe tukunyar."

Ta miƙa hannunta waje, cikin iskar safiyar nan, ta juya shi gaba da baya tana kallo kamar na aro ne.

"Auta, ashe haka kuke ji a jikinku, ku sauran mutane? Kullum?"

Na ce mata awo, haka muke ji.

Ta girgiza kai ta jawo faifan wake.

"Shekara talatin," in ji ta, "kuma aka rasa wanda zai gaya mini."